Ruwan da Na Zuba wa Sandar Malam

Ni ce Hanne, matar marigayi Malam, daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Malama Rabi, malamar gonar da muka yi tafiyar nan tare, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙe ta kada ta rage komai, har wuraren da ba su yi mata daɗi ba. Idan kuka ya ci ƙarfina takan ajiye biro ta jira ni.

Ba zan ɓata lokaci kan yadda aka yi mini fasfo ko yadda ƙafata ta ƙi hawa matakalar jirgi ba. Na rufe ido a Kano ina salati, na buɗe a Alƙahira ta ƙasar Masar, kunnuwana a toshe, ɗankwalina ya zame.

Saƙo ɗaya na ɗauko daga gida. Gonakinmu su ne na ƙarshen kanal. Ruwa sai ya shayar da kowa kafin ya iso mu, amma dai yana isowa, sau biyu a mako, tun ina da ƙarfina. A ranin bana aka mai da mu sau ɗaya, wani makon ma shiru. Tumatirin Malam Iro, maƙwabcin gonarmu, ya fara yaushi yana tsakiyar fure. Mazan layinmu sun je wurin masu rabon ruwa, aka ce musu kwamfuta ta nuna ba ma cikin masu ƙishi. Da Iro ya ji za a kai ni taron masana ruwa a ƙasar waje, sai ya zo har zaure ya tsuguna.

"Yaya," ya ce, "ke Allah ya ba wa bakin magana a gaban manya. Ki gaya musu ƙishi zai kashe mu. Don Allah kada ki dawo ba ki faɗa ba."

Na ce masa na ɗauka.

Dalilin gayyatar kuwa wata sanda ce ta ƙarfe. Shekaru kaɗan kafin rasuwar Malam wasu masu bincike suka kafa ta a gefen gonarmu, ita kaɗai a duk layin. Tana da ɗan faranti baƙi a ka mai shan rana, da wasu 'yan yatsu da aka binne a ƙasa. Aikinta ta ji danshin ƙasa ta aika labari ta iska, kamar waya. Malam aka ba wa amanarta. Kullum da safe yakan goge farantin da hannun rigarsa, ya kori awaki, har aka sa mata suna sandar Malam. Yana kwance ciwon ajali ya ce mini, "Hanne, sandar nan amana ce, ki kula da ita." Da na fita takaba na je gona, na tarar ƙasar gindinta ta tsattsage, ga ta tsaye cikin rana babu mai waiwayarta. A wajenmu duk abin da aka kafa a ƙasa aka ce ka kula da shi, ruwa ake ba shi. Tun daga ranar, kowace safiya nakan ɗebo ruwan rijiya a babbar buta in zuba mata a gindi, in yi wa Malam addu'a, in dawo. Da tafiya ta taso sai na damƙa wa Tabawa, matar Iro, na ce ta riƙa zubawa kafin in dawo.

Injiniya Bala, shugaban masu binciken, shi ya zo da mota yana murna, wai a duk sandunan da suka kafa daga Kura har Garun Malam babu mai nuna danshi mai kyau kamar tamu, tsohuwa ta fi maza iya tattalin ruwa, dole duniya ta gan ni. Na yi mamaki, domin albasata ma a wahale take. Amma mai ilimi ya faɗa, sai na yi shiru. Wanda ya yi boko wataƙila tun nan ya gano inda maganar ta dosa. Ni sai da na ƙetare hamada.

A filin jirgin Alƙahira aka fara raba ni da Rabi. Injiniya ya riga mu zuwa da kwanaki, mu biyu ne kawai. Aka nemi katin rigakafi, nawa yana ɗaure a gefen zanina, nata kuwa ta manta shi cikin akwatin da ya shige ƙasan jirgi. Aka tafi da ita wani ɗaki. Ta waiwayo ta ce, "Inna, kada ki motsa daga kan bencin nan ko me aka ce miki."

Na zauna tun hantsi har azahar ta gota. Sanyi irin wanda ban taɓa ji ba yana shiga ƙashina. Mutane na wucewa kamar ranar kasuwa, amma babu sallama, babu mai cewa sannu. Larabcin da na sani na salla ne, nasu kuwa gudu yake yi, ban kama ko kalma ɗaya ba. Fitsari ya matse ni, ina tsoron tashi. Na ce a raina, Malam, kai da ka so ganin ƙasar Annabi Musa kana kabari, ni da ban taɓa wuce Zariya ba aka kawo. Hawaye suka zubo, ban ma share ba.

Wata mata mai goge ƙasa, ƙatuwa, da ɗankwali shuɗi, ta wuce ni sau uku. A na huɗu ta jingine sandar gugarta, ta kama hannuna ta kai ni banɗaki, ta tsaya riƙe da jakata har na yi alwala. Ta nuna mini alƙibla da haɓarta. Da na idar ta kawo shayi baƙi a ɗan kofin gilas, da rabin gurasar da ke aljihunta. Ta buga ƙirjinta ta faɗi sunanta, ban riƙe ba. Ina yi mata addu'a har gobe ba da suna ba, Allah ya san ta.

Da Rabi ta fito idonta ya yi ja. Muna fitowa waje wani mutum mai gashin baki ya tare mu da fara'a, yana ta "Hajja, Hajja," ya ƙwace akwatina. Rabi ta nuna masa takardar taron, ya gyaɗa kai kamar shi ya rubuta ta. Ashe ba shi aka aiko ba. Ya zagaya da mu gari har kaina ya juya, ya sauke mu a ƙofar wani dogon gini, ya karɓe abin da ya karɓa a hannun Rabi, ya ja motarsa. Muka shiga aka ce ba a san da zuwanmu ba. Masaukinmu yana can ƙetaren kogi.

"Malama," na ce, "ba ke ce mai turanci ba?"

"Inna, ɓarawo ba ya jin turanci idan ya ga dama."

A mota ta biyu muka hau gada, a nan na ga kogin Nilu. Na saki baki. Ruwa ne shimfiɗe tsakiyar gari, faɗinsa ya fi daga gidanmu zuwa bakin titi, yana tafiya abinsa, babu ƙofa, babu kwaɗo, babu mai gadi da makulli. Na kama hannun Rabi na ce, "Yau ranar ruwan su wa ce?" Ta yi dariyarta ta farko tun saukarmu. Ni ban yi ba. Tumatirin Iro nake gani.

Masaukin kuwa ban taɓa sabawa da shi ba. Ɗakinmu yana sama, sai an shiga wani akwati ya ɗaga mutum, hanjina ya taho wuya. Famfon banɗaki da ka miƙa hannu sai ya zubo da kansa, na rasa inda ake kashe shi, na tsaya ina ba shi haƙuri. Abincinsu wake ne da aka dama, babu yaji babu daddawa. Da garin kunun da na ƙullo na rayu. Da safe idona yakan buɗe daidai lokacin ɗaukar buta, sai in zauna bakin gado hannuna babu komai, in yi ta kuka.

Ranar da za a fara taron na ce wa Rabi ta gaya mini gaskiyar abin da ya tara mutanen nan, kada in je in yi shirme.

"Inna, kin san mudun Kura da na Bunkure idan suka bambanta rigima ake yi a kasuwa?"

"Na sani."

"To sandunan nan suna ko'ina a duniya, wasu na auna danshi, wasu ruwan sama, wasu tsayin ruwa a kanal. Da can kowane kamfani da irin mudunsa, labarin wannan ba ya shiga kwamfutar wancan. Shi ne mutanen nan suka yarda a yi mudu ɗaya, a rubuta komai a tsari ɗaya, a zuba wuri ɗaya a buɗe kamar rijiyar unguwa. Manhajar da ke aikin ma ba a kulle take ba, kowa na iya dubawa ya gyara. Mai bincike ya ɗiba, ɗalibi ya ɗiba, masu rabon ruwa su ɗiba."

"Har masu rabon ruwanmu?"

"Har su. Da labarin bara suka tsara rabon bana."

Na ce to madalla, ashe wurin da ya dace aka kawo ni.

A ƙofar zauren taron wata mata doguwa, baƙa, cikin lulluɓi irin na Sudan, ta dube ni ta ce, "Iya, kin kwana lafiya? Ina gajiyar hanya?" Na kusa faɗuwa. Hausa ce, amma irin ta kakata, mai nauyi. Sunanta Nafisa. Ta ce kakanninta daga ƙasar Kano suka tashi da ƙafa za su Makka, suka zauna a Sudan. Ita ce ɗaya daga cikin masu kula da rumbun da ake zuba labarin sandunan, kuma ita za ta yi mini tafinta. Na riƙe hannunta na ƙi saki, kamar na tsinci 'yar da na haifa.

Aka zaunar da mu a gaba. Injiniya Bala ya hau mumbari cikin kwat, ya nuna ni, aka tafa. A bayansa akwai allo mai haske, girman bangon masallaci. Aka nuno taswirar gonakinmu, na gane kanal, na gane titin Zariya. Sai aka nuno wani zane kamar haƙoran zarto, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Nafisa na raɗa mini abin da yake cewa: wai kowane haƙori safiya ɗaya ce, wai tsohuwar nan tana ba gonarta ruwa kaɗan-kaɗan kullum, ƙasarta ba ta taɓa bushewa ba. Na ce a raina, wace gonar? Ni da nake jiran kanal kamar kowa?

Sai ya duba agogonsa ya yi murmushi. Nafisa ta ce, "Wai yanzu safiya ce a garinku, za a nuna abin da sandar ke faɗa a wannan lokacin. Ya ce a zuba ido."

Zanen yana kwance. Can sai ya zabura ya yi sama, ya wuce duk haƙoran baya, kamar an tsikare shi. Mutane suka yi sowa. Injiniya kansa ya ɗan ja da baya, don bai taɓa ganin ya hau haka ba.

Ni kuwa dariya ta kama ni. Na taɓa Rabi na ce, "Tabawa ce. Hannunta nauyi gare shi. Na ce mata buta ɗaya, na san bokiti ta juye."

Rabi ta juyo a hankali. "Ta juye a ina, Inna?"

"A gindin sandar mana."

"Wa ya ce ta juye?"

"Ni. Ai ba na nan. Wa zai zuba mata?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Leɓenta ya yi fari. Ta riƙe gwiwata da ƙarfi ta ce, "Inna, tun yaushe kike zuba wa sandar nan ruwa?"

"Tun da na fita takaba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Nafisa ta ji komai. Ita ce ta sunkuyo ta faɗa mini, a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Sandar ba ta shan ruwa. Shaida ce. Abin da yatsunta suka ji a wannan ɗan wurin shi take faɗa a madadin duk gonakin layinmu. Ni kuma kullum ina jiƙa mata baki, ita kuma tana gaya wa duniya mun ƙoshi. Masu rabon ruwa suka duba, suka ga ƙarshen kanal a jiƙe, suka karkata ruwan zuwa inda suka ga ya bushe.

Ban san lokacin da aka gama tafi ba. Kunnena ya ɗauke. Ina kallon zanen nan a sama, ina ganin Tabawa ta ratsa ta cikin tumatirin mijinta da ke mutuwa, ɗauke da bokiti a ka, za ta je ta ƙara kashe shi, don ni na aike ta. Mutumin da aka aiko ni in kai ƙararsa, ashe ni ce.

Da aka fita shan shayi Rabi ta jawo Injiniya gefe. Yana ji kofin hannunsa ya karkace, shayi ya zubo masa a takalmi. Sannan ya durƙusa gabana.

"Mama, don girman Allah ki rufa mana asiri. Da la'asar za a ba ki magana. Ki yi godiya kawai ki sauka. Idan mun koma gida zan gyara komai a hankali."

"A hankali zuwa yaushe, ɗan nan?"

"Sai mun zauna, mun rubuta rahoto. Kafin rani mai zuwa an gyara."

"Tumatir yana fure yanzu."

"Mama, idan aka ji wannan a nan, za a ce duk sandunanmu ƙarya suke yi. Aikin shekaru ne. Ga Rabi nan, da aikin nan take ci da 'ya'yanta."

Na dubi Rabi. Ta sunkuyar da kai. Ki rubuta, Malama, na ce kada ki rage. Ta ce, "Inna, ko za mu bari sai mun koma?" Ban ga laifinta ba. Ni ma ba abin da nake so kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tambayi Nafisa, "Idan aka gyara yau, yaushe masu rabon ruwanmu za su gani?"

Ta ce, "Rijiya ɗaya ce, Iya. Idan aka sa alama yau, duk wanda ya ɗiba gobe zai ɗebo da alamar. Amma sandar ta su Injiniya ce, sai da yardarsu."

Injiniya ya kau da kai.

Na yi azahar a wani ɗan ɗaki, ban san me na karanta ba. Da la'asar aka kira sunana. Aka hau da ni mumbari, aka sa mini abin magana a gaban baki, fitilu suna dukan idona. Nafisa na gefena. Na ga Injiniya a layin gaba yana murza hannuwa.

Na yi sallama. Na ce ni ban iya tattalin ruwa ba, gonata a bushe take kamar ta kowa. Na ce mijina ya mutu ya bar mini amanar sanda, ban san abin da ake yi wa sanda ba sai abin da ake yi wa dashe. Na ce haƙoran nan da kuka tafa wa, butata ce. Wanda ya yi sama ɗazu bokitin Tabawa ne. Na ce an aiko ni in gaya muku ƙishi zai kashe mutanen ƙarshen kanal, to na faɗa, kuma ga wadda ta jawo a gabanku. Daga nan kuka ya ƙwace mini, a gaban Larabawa da Turawa da Indiyawa, ban iya tsayar da shi ba.

Nafisa ta juya maganar. Wani a baya ya fashe da dariya, aka yi masa tsawa. Wani dattijo mai farin gemu ya miƙe, ya ce a ƙasarsu wani manomi ya yi wa tasu sandar rumfar ciyawa don tausayin rana, ta mutu, suka yi wata suna zargin kamfani. Wata Baturiya ta yi tambaya da kakkausar murya, ba ni take kallo ba. Nafisa ta ce, "Tana tambaya ne, da mai amanar ya rasu, wa ya je ya yi wa iyalinsa bayani?"

Injiniya ya tashi. Na zaci zai kare kansa. Ya ce babu wanda ya je. Ya ce sun ga zanen ya yi kyau, sun so ya zama gaskiya, ba su taka sun duba gonar ba. Ya zauna kamar an zare masa laka.

Kafin magariba muna zaune mu huɗu gaban kwamfutar Nafisa. Na ce ta goge komai, kada ya rage ko ɗigo.

"Ba a gogewa, Iya. Abin da sanda ta ji, ta ji. Alama za mu sa a jikin kowace rana, mu rubuta cewa wannan danshin na buta ne, ba na kanal ba. Wace rana kika fara?"

Na ce ban san kwanan wata na boko ba, amma washegarin fitata takaba ne, ana dashen albasa bara. Ta yi ta jan zanen baya, baya, har ta kai inda yake kwance shafal, sannan haƙori na farko. Ta ɗora yatsa. Ranar nan ce, ranar da na fara fita ni kaɗai ba Malam.

"Nan kwana huɗu babu komai."

"Zazzaɓi ne ya kwantar da ni."

"Nan kuma kwana biyu."

"Suna na je Madobi."

"Nan an zuba sau biyu a rana ɗaya."

Ranar da Malam ya cika shekara da rasuwa ce. Duk abin da na zaci tsakanina da Malam ne da Allah, ashe yana rubuce, mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba suna ta ɗiba. Na ji kamar an yaye mini zani a kasuwa. Nafisa ta rufe kwamfutar rabi, ta ce sunana ba ya ciki, lambar sanda ce kawai, kuma a alamar ba za ta rubuta dalili ba sai abin da ya faru. Injiniya ya sa hannu ya amince. Ta danna.

Rabi ta kira wayar Iro ta ce a ba Tabawa. Ina jin muryarta tana cewa, "Ni Yaya ce ta sa ni, sai ita za ta hana ni." Na karɓa.

"Tabawa, kada ki ƙara zubawa."

"Yaya! Ya Masar? Ai yau bokiti guda na ba ta, na ga rana ta yi zafi. Kin faɗa musu maganar ruwan?"

"Na faɗa."

"Me suka ce?"

"Sai na dawo. Ke dai ko ɗigo kada ki zuba."

Sauran kwana biyun ban san yadda suka wuce ba. An kai mutane ganin dalar Fir'auna, ban je ba. Nafisa ta raka mu filin jirgi da kanta don kada a sake cutarmu, ta ba ni dabino, ta ce in gaishe mata da ƙasar Kano da ba ta taɓa gani ba.

Muna sauka Injiniya da Rabi suka wuce wurin masu rabon ruwa. Ni aka kai ni gida. Mata suka cika tsakar gida ana sannu da zuwa, ana tambayar tsaraba. Na ce gajiya, na shige ɗaki. Kwana biyar ina ɓuya. Iro ya yi sallama sau biyu, na ce a ce ina barci. Na iya tsayawa gaban mutanen duniya, amma zauren gidana ya gagare ni.

A rana ta shida da hantsi na yafa mayafi na tafi gonarsa. Rabin tumatirin ya ƙone, yana tuge matattun yana tarawa a kunya. Tabawa na taya shi. Na sauka cikin busasshiyar kwatar da ke kai masa ruwa, na durƙusa a kan gwiwoyina.

"Subhanallahi, Yaya, mene ne haka? Tashi."

Na ce ba zan tashi ba sai ya ji. Na faɗa masa duka, tun daga buta har allon Masar. Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Ni ma na zuba," take cewa. "Wayyo Allah, da hannuna na zuba. Har ƙari na yi."

Iro na tsaye da mataccen tumatir a hannu. Ya dubi can inda sandar take, ya dube ni.

"Ai ina ganinki, Yaya," ya ce. "Kullum ina ganinki da butar nan. Har na ce wa Tabawa, dubi macen da ta san amana."

Na ce, "Ka yafe mini, Iro."

Ya juya kai wajen kanal, kamar mai sauraron kira daga nesa. Ni ma na ji: maza na ihu can sama, ana kiran sunayen juna. Ba ranar ruwanmu ba ce. Ya yar da abin hannunsa ya ɗauki fartanya.

"Matsa daga nan, Yaya, zai jiƙa miki zani. Tabawa, tashi ki buɗe kwatar ƙasa, sauran rabin nan za mu fara ba wa."

Na rarrafa na hau kunya. Ruwan ya taho yana tura busasshen ganye a gabansa, ya bi ta inda gwiwoyina suka yi shaida ya shafe.

Rabin ya tsira, rabin ya tafi. Iro yana gaishe ni kullum kamar da. Har yau bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ƙara tambaya ba.